Gaiwa a Ɗakin Gwaggo

Gwaggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, saura kwana tara ruwan farko ya sauka a garinmu. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu tafiya. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, lokacin da mahaifiyata ta rasu. Maginiyar tukwane ce, kuma zai yi wuya a sami gida a garin nan ko a ƙauyukan da ke bayan Sandamu da ba a sha ruwan randar da ta gina ba. Ko a kabarinta ma da tukwanenta aka rufa mata, waɗanda suka tsage wajen gashi ta jingine a bayan ɗaki tana cewa akwai ranarsu.

Kwana uku na yi a kan tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Liman ya yi mata shaida, ya ce bai taɓa jin ta ci haƙƙin kowa ba, amma ta faɗa wa mutane da yawa gaskiyar da ba su so ba, har da shi. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. A cikin gida mata suna ta shiga da fita da kwanukan abinci. Abokiyar sana'arta, tsohuwar da suka fi shekara hamsin suna haƙar yumɓu tare, ba ta yi kuka ba. Ta dai je ta zauna a ƙofar ɗakin baya, inda Gwaggo ke ajiye ɗanyen gini, ta hana kowa ko da jingina da ƙyauren.

A rana ta biyu wani dattijon Bafulatani ya iso daga wajen Mashi, wanda shanunsa ke sauka tafkin garinmu duk rani tun ina yaro. Ya yi addu'a, aka shafa. Bai tambayi irin ciwon da ta yi ba, bai tambayi ko ta bar wasiyya ba. Ya dube ni ya ce, “An ce kun haƙa tafkin.” Na ce haka ne. Ya ce, “Har ina?” Na ɗaga hannu na nuna masa sama da kaina. Ya yi salati a hankali, ya nemi takalmansa, ya tafi bai taɓa furar da aka kawo masa ba.

Can wajen la'asar wata tsohuwa da ke fitowa ta zaure ta tsaya ta yi mana ta'aziyya, sannan ta ƙara da cewa Allah ya rufa wa Gwaggo asiri, ya ɗauke ta kafin ta gani. Mazan da ke kan tabarma suka ce amin. Ba wanda ya kalle ni, mai unguwa ma sai ya shiga gyara carbinsa, kuma wannan rashin kallon ya fi mini zagi ciwo.

Dalilin shi ne ni na kawo katafilar da ta haƙa tafkin. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, ni na rubuta takarda, ni na yi ta zirga-zirga zuwa Daura har aka samu. Yanzu an yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, kuma ina so in rubuta wace ce Gwaggo kafin a fara mantawa. Ina kuma so in faɗi abin da na kasa faɗa a kan tabarmar makoki.

Gajeruwa ce, ba jiki, amma damatsanta sun fi na maza da yawa ƙarfi. Ban taɓa ganin farcenta babu laka ba, ko ranar Sallah, lalle a sama laka a ƙasa. Tana da wata ɗabi'a da ke ba mu kunya a gaban baƙi: duk inda ta je sai ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza, ta shinshina, wani lokaci ta ɗora a harshe. Da muka je neman aurena a wani ƙauye wajen Dutsi, kafin a gama gaisawa ta ɗanɗana ƙasar tsakar gidan surukaina, ta ce musu rijiyarsu tana da kanwa, su daina ba jarirai ruwanta. Uwar matata ta yi fushi har bayan biki. Daga baya ta yarda gaskiya ne, amma ba a gaban Gwaggo ba.

Ba ta yarda da awon kowa ba sai na hannunta. Komai da kamu take auna shi, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Tsawon randa, faɗin murhu, girman yaro, duk da kamu. Kuma babbar dokarta a duniya tana kan kamun nan. A bakin tafki take haƙar yumɓunta, idan ruwa ya ja baya, kuma ba ta taɓa wuce kamu ɗaya ba. In ta zura hannu ramin ya kai mata gwiwar hannu, an gama, ko da yumɓun da ke ƙasa ya fi na sama kyau. Sai ta jawo laka daga gefe ta cike ramin, ta yayyafa ruwa, ta hau ta tattake da dugaduganta har ya koma daidai da sauran ƙasa. Sau ɗaya ta taɓa marina a rayuwata, kuma a kan wannan ne. Na ga tana shan wahala, na karɓi dagi na zurfafa mata ramin don ta huta da sake haƙa wani. Kafin in ɗago na ji mari.

Da ta huce sai ta ja ni zuwa yammacin gari, wurin da muke kira mataccen tafki. Fili ne fetal, ƙasa ta ƙeƙashe, ba abin da ke tsirowa sai tumfafiya da ƙaya. Ta ce a zamanin uwarta nan ma ruwa ne, har da bado da kifi. Masu ginin soro suka yi ta ɗibar ƙasa a tsakiyarsa har suka huda, daga nan ko an kwana ana ruwa, kafin mako ya zagayo ya tsiyaye. Ta ce tafki randa ce, lakar da ke gindinsa ita ke riƙe ruwan, kuma kaurinta bai fi kamu da taƙi ba. A ƙarƙashinta farin rairayi ne wanda ba wanda ya san iyakarsa. Na ji wannan magana da kunnena, kumatuna yana zafi, don haka ba zan iya cewa ban sani ba.

Shekarar Gwaggo a bakin tafkin nan take juyawa. In shamuwa ta sauka kan kukar masallaci sai ta fara kwashe ɗanyen gini zuwa ɗaki, ta ce ruwa ya kusa. In gawo ya zubar da ganye sai ta ce damina ta zauna. Ta san kukan kwaɗi iri-iri, ta san wanda ke fara kuka da ruwan farko da wanda ba ya buɗe baki sai tafki ya cika. Ta san inda zalɓe ke tsayawa, kuma in ya sauya wuri sai ta ce ƙananan kifi sun koma can. Wata shekara da gero ya ƙi, ita ta ja matan unguwa suka shiga ruwa suna tonon saiwar bado don a dafa wa yara. Ko a cikin yunwar nan ta tsaya a kansu, duk wadda ta tono uku sai ta mayar da ɗaya cikin laka. Wata ta yi mata tsawa ta ce 'ya'yanta ba su ci ba tun jiya. Gwaggo ba ta sassauta ba, amma da yamma na ga ta juye nata kason a ƙwaryar matar, mu muka kwana da ruwan kanwa da ɗan gari.

Idan rani ya yi nisa, ruwa ya rage a tsakiya, manoma kan so a hana shanun Fulani shiga. Ita kuwa cewa take a bar su, kofatonsu ke yi wa tafkin daɓe, su ke toshe tsagar da rana ta yi. Saboda haka makiyaya suka san ta. Kullum akwai randa cike da ruwa a gindin tsamiyar da ke hanyar burtali, ita ke cika ta, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba.

Amma abin da ta fi ƙauna a tafkin shi ne gaiwa. Ga wanda bai san ta ba, kifi ce doguwa mai santsi, wadda ba ta mutuwa in ruwa ya ƙafe. Tana nutsewa cikin laka tun da sauran danshi, ta naɗe jikinta, ta rufe kanta da wani yauƙi da ke bushewa ya zama kamar fatar albasa, ta bar 'yar kafa ɗaya zuwa sama don numfashi. Haka za ta kwanta duk rani, ba ci ba sha, tana cin jikinta a hankali, har ruwa ya dawo ya jiƙa lakar ta farka. A garinmu maza kan fita tonon gaiwa a ƙarshen rani. Suna bin tsagaggiyar ƙasa suna bubbugawa da sanda, in akwai ta a ciki sai a ji ta yi wani ɗan gurnani. Gwaggo ba ta hana ba, ita ma tana son miyarta. Sai dai gefen gabas na tafkin ba a tona shi, nan ne iri. Ba sarauta gare ta ba, ba wanda ya naɗa ta, amma ranar tono za ka same ta zaune a gefen gabas da daginta a kan cinya, kuma ban taɓa ganin namijin da ya tsallake ta ba.

A 'yan shekarun nan tafkin ya fara ƙafewa da wuri. A da yakan kai mu har zafi ya shigo sosai, sai ya koma kafin sanyi ya gama fita ya zama taɓo. Masu lambu suka yi ta asarar albasa da tumatir, rijiyoyin da ke kusa suka ja ƙasa, mata suka koma dogon layi a famfo. Matsalar ta gaske ce, ba mu muka ƙirƙire ta ba. Muka zauna a ƙungiya muka ce tafkin ya cike ne, a zurfafa shi ya riƙe ruwa har shekara ta zagayo. Wani ɗan garinmu mai hali da ke harkar gine-gine ya ce zai ba mu aron katafila da tifa na kwana uku, kyauta. Ranar da na kawo labarin, har ɗaga ni aka yi.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Mata ba sa zuwa irin wannan taro, amma Gwaggo ta zo, ta tsaya daga gefe da mayafinta, ta yi sallama. Ta ce ta yarda tafkin ya cike, amma ba da laka ba. Tun da aka sare kalgo da sabarar da ke bakinsa aka yi gonaki har gaɓa, duk damina ruwa ke kwaso rairayin jigawa yana zubawa a ciki. Ta ce a fito da kwanduna da shebur a kwashe rairayin da ke sama, in an ga baƙar laka a tsaya, sannan a bar itatuwan gaɓa su dawo. Ta ce aikin wata guda ne in gari ya fito. Wani ya ce wa zai yi wata guda yana ɗaukar kwando alhali ga mota a ƙofa. Ta ce motar ba ta da gwiwar hannu, ba za ta san inda za ta tsaya ba.

Aka yi dariya, ni kuma na ji kamar da ni ake. Ga manyan gari, ga wanda ya ba da motar zaune a kan kujera, ga uwar riƙona tana kwance mini aiki a bainar jama'a. Na miƙe na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri ki koma gida. Wannan ba maganar tukunya ba ce.”

Ta dube ni. Ta ce, “To, Sakatare.” Ta juya ta tafi. Tun ina ƙarami “ɗan nan” take ce mini, daga ranar kuwa ba ta sake kirana da komai ba sai Sakatare, har a cikin gida, har in za ta miƙo mini tuwo.

Katafila ta zo a tsakiyar bazara, tafkin ya bushe ƙayau. Gari ya fito kallo. Cokalinta ɗaya ya fi abin da Gwaggo ke haƙa a shekara. Ranar farko ta kwashe rairayin sama, kuma da a nan muka tsaya da yau ba na wannan rubutu. Rana ta biyu baƙar laka ta fara fitowa, manya-manyan ɓangarori, tifa tana kwasa tana kaiwa bayan kasuwa inda ake cike wani kwari. Ba a bar gefen gabas ba, direban bai san da wani gefe ba, ni kuma da na sani ban faɗa masa ba. A rana ta uku da azahar launin ƙasar ya sauya. Cokalin ya fito da rairayi fari tas, mai laushi, irin wanda ban taɓa gani a garinmu ba. Mutane suka yi ta sha'awarsa, masu gini har suna cewa zai yi kyau da siminti.

Da motar ta tsaya sai ga Gwaggo. Ta gangara ramin da baya, tana dafa gefe, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba. A can ƙasa ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Ta tsuguna ta ɗebi rairayin, ta murza, ta zuba masa ruwan butar da ta zo da ita. Ruwan ya shige nan take, ko alamar jiƙa bai bari sosai ba. Ta hauro, ta zo inda nake tsaye da 'yan ƙungiya, ta buɗe aljihun rigata ta zuba mini rairayin a ciki, ta wuce. Na yi dariyar dole na kakkaɓe, amma har yau in na sa hannu a aljihun rigar nan ina jin sauransa a ɗinki.

Daga washegari ta fara wani abu da ya sa gari ya ce ta ruɗe. Kullum da safe sai ta ɗauki kwando ta tafi bayan kasuwa, inda tifa ta zubar da lakar. Ta yi ta zagaya tarin tana bubbuga ɓangarorin da dagi, tana kara kunne. Can sai ta zaɓi ɗaya, ta sassaƙe gefensa a hankali, ta ɗora a ka ta kawo gida ta shige ɗakin baya. Wata rana sawu biyu, wata rana uku, cikin zafin da ko jaki ba a ɗora wa kaya. Alhali ta fi shekara biyu da daina gini, hannunta na rawa. Masu shaguna suna nuna ta, wasu suna cewa baƙin cikin tafki ya taɓa ta. Kunya ta ishe ni. Ban iya tunkararta ba, sai na tura matata ta roƙe ta ta bari. Ta ce wa matata ta gaya wa Sakatare ba takardarsa take ɗauka ba.

A sawu na ƙarshe a hanya ta faɗi. Masu wucewa suka ɗauko ta, kuma sun ce ko da ta faɗi ba ta saki kwandon ba, sai da ta tabbatar an ajiye shi a hankali. Muka kai ta asibiti a Daura, aka yi mata ƙarin ruwa, ta matsa a dawo da ita gida. Kwana shida ta yi a kwance.

Ana gobe za ta rasu na shiga wurinta da safe. Na daɗe zaune a bakin gado ina neman yadda zan fara. Na ce, “Gwaggo, ki yafe mini maganar da na faɗa miki a gaban mutane.” Ta ce wannan ta daɗe da wucewa, ita ma ta faɗa wa mutane abin da ya fi haka. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Sai ta kama wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba, ta ce, “Ɗan nan, ni ka yi wa magana, na yafe. Abin da ka yi wa tafki ba nawa ba ne da zan yafe.” Ta huta kaɗan, sannan ta ce, “Kada ka bari ruwa ya shiga ɗakin baya. Ko ɗigo.” Na ce to. Na ɗauka sauran ɗanyun tukwanenta na da take nufi.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, na biyu ya fi shi. Kwana biyu tafkin ya cika har gaɓa, faɗinsa da zurfinsa abin da ba a taɓa gani ba. 'Yan ƙungiya suka zo har gida, duk da ina cikin makoki, suna cewa in fito in ga aikina. Na je, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce a raina wataƙila tsohuwa ta yi kuskure sau ɗaya a rayuwarta. Amma na tafi da daginta, na kafa shi a daidai bakin ruwa.

Da safe na koma, ruwan ya bar dagin da taƙi guda. Na ce ƙasa ce ke sha, ta daɗe da ƙishi. Washegari ya zama kamu. A rana ta biyar na tsaya a gaɓa ina kallon farin rairayi a gindin ramin, da ɗan ruwa a kwance a gefe wanda bai kai a yi wa akuya wanka ba. Kwaɗi sun riga sun yi ƙwai, 'ya'yansu baƙi ƙirin sun taru a ɗan ruwan suna motsi, belbela na tsintar su. Kafin la'asar wurin ya bushe.

Tun daga nan haka ake yi. A yi ruwa ya cika, kwana huɗu ko biyar ya tafi. Bado bai fito ba ko ganye ɗaya. Zalɓe ya zo sau biyu ya tsaya, bai sake dawowa ba. Da magariba, lokacin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan kwaɗi, yanzu har kiran sallar ƙauyen da ke gaba muna ji. Wasu 'yan ƙungiya suna cewa a yi haƙuri, laka za ta sake taruwa da kanta. Mai unguwa ya daina bi ta hanyar tafki. Masu lambu ba su ce mini komai ba tukuna, damina ce, kowa na gona. Rani nake tsoro.

Bayan sadakar arba'in abokiyar sana'ar Gwaggo ta kira ni, ta ciro mabuɗi daga bakin zanenta ta buɗe ɗakin baya. Babu tukunya ko ɗaya a ciki. An shimfiɗa kara a ƙasa, an ɗora ɓangarorin laka a kai, a jere, kowanne ya kai girman tulu, sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Na ce mata ai wannan lakar ko faɗin tabarma uku ba za ta rufe ba a gindin ramin. Ta ce in duba da kyau. Sai na ga kowane ɓangare yana da 'yar kafa a samansa, kuma duk an juya kafar tana kallon rufi. Tsohuwar ta tsuguna ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa. Daga cikin busasshiyar lakar na ji ɗan gurnani.

Na zauna a dokin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Wannan ne abin da Gwaggo ke ɗauka a ka cikin rana muna cewa ta ruɗe. Irin gaiwar gefen gabas ne, ta bi shi har bayan kasuwa ta tsinto ɗaya bayan ɗaya.

Na ce mu kai su tafki tunda yau akwai ruwa. Tsohuwar ta ce in na kai su za su farka, su yi iyo kwana huɗu, ruwa ya tafi, su nemi lakar da za su shiga su tarar da rairayi. Ta ce barcin nan shi ne kawai abin da ya rage musu. Na tambaye ta har yaushe za su iya kaiwa a haka. Ta ce ta taɓa ganin wadda ta yi rani biyu a cikin tubalin gini ta fito da rai, an ce wasu na kai uku, bayan nan ba ta sani ba. Na tambaye ta lakar tafkin fa, shekara nawa za ta yi kafin ta sake taruwa. Ta ce wadda muka kwashe a kwana biyu, kakarta ma a haka ta same ta.

Mun fara kwaso lakar daga bayan kasuwa da amalanke, mu kaɗan, muna zubawa a gindin ramin muna tattakewa. Rabinta ta cakuɗe da yashi da shara, an kuma riga an kafa rumfuna a kan wani sashe. Na aika wa dattijon nan na wajen Mashi roƙon ya kawo shanunsa su taka mana in mun shimfiɗa. Ya aiko cewa yana yi mana fatan alheri, amma bana ya nemi wani mashayin.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata zafin bakinta, ya saka mata da kowane kurɓin ruwa da aka sha daga hannunta, ya sa ƙasar da ta sani ta yi mata sauƙi. Mu da ta bari, ya ba mu ikon gyara abin da muka ɓata.

Na sauke tsohon rufin ɗakin baya na sa sabon kwano, na liƙe duk wata kafa, na tona magudana ta zagaye shi. Duk garin nan addu'ar ruwa ake yi, ni ma ina yi, amma in hadari ya haɗo ɗakin nan nake fara gudu in duba. Kowace safiya in na dawo daga masallaci nakan shiga in bi su layi-layi ina ƙwanƙwasawa, ina kara kunne kamar yadda take yi. Shekaranjiya duk sun amsa. Jiya ta bakin ƙofa, wadda Gwaggo ta faɗi da ita a hanya, na ƙwanƙwasa sau uku ba ta amsa ba.